Riƙon Sannu

Da asubar wata Asabar a farkon watan Oktoba muka tsaya a wani filin ajiye motoci da ke bakin birnin Berlin, muna jiran wata farar mota daga Romaniya. Mu biyu ne, miji da mata, ɗan Kano da 'yar Zariya, shekararmu uku ke nan a Jamus. Namijin cikinmu, wanda shi ne ke wannan rubutu, manhajar kwamfuta yake rubutawa, kuma daga gida yake aiki. Macen ma'aikaciyar jinya ce. Akwai mutum kamar goma a wurin, kowa riƙe da igiya da bargo, ana ta hura wa hannu iska saboda sanyi. Duk cikinsu mu kaɗai ne ba mu taɓa shafa kan kare ba tun da aka haife mu.

Da motar ta iso, direba ya buɗe bayanta, sai ga keji jere a kan keji. Yana kiran suna, yana miƙa kare da fasfonsa. Wasu karnukan suna dirowa suka hau kaɗa jela. Tamu ba ta fito ba. Sai da aka ɗauko kejin gaba ɗaya aka sa mana a bayan mota. Abin da muka iya gani ta tsakanin ƙarafuna shi ne gashi mai launin ƙasa, da ido biyu, da jiki yana rawa kamar mazari. Takardarta ta ce an ƙiyasta shekarunta biyu, nauyinta kilo 14.

Ba mu muka nemi abin ba. Wata abokiyar aiki ce, Bajamushiya, da ke taimaka wa wata ƙungiyar ceton dabbobi a lokacin hutunta, ta rubuto a zauren hirar ofis cewa gidan da ya yi alkawarin karɓar wata karya ya janye, ga mota ta kusa tasowa. Ana neman gidan ƙasa, marar yara, marar hayaniya, da mutum a ciki duk yini. Ta ce ba mallaka za a yi ba: a riƙe ta wata uku ko huɗu ta saba da mutane, sannan a nemo mata gidan dindindin. Gidanmu ya cika sharuɗɗan, mai gidan hayar ma bai ƙi ba. Mun kwana biyu muna juya maganar. Abin da ya yanke ta kalma ɗaya ce da macen cikinmu ta furta tana wanke kwanuka: "Wato riƙo ke nan." Ita 'yar riƙo ce. Tana shekara shida aka ɗauko ta daga ƙauye aka kai ta gidan goggonta a Zariya. Har yau tana tuna makon farko, yadda ba ta iya cin abinci sai kowa ya tashi daga tsakar gida, yadda ta riƙa matse fitsari har dare don ba ta san wanda za ta tambaya hanyar bayi ba.

Karnuka irin wannan suna da yawa a Jamus. Romaniya ta daɗe tana fama da karnukan titi, kuma ana danganta yawansu a Bukarest da rushe-rushen da gwamnatin Ceausescu ta yi a shekarun 1980, lokacin da aka kwashe mutane daga gidajensu masu fili aka zuba su a dogayen benaye, suka bar karnukansu a baya. A watan Satumba na 2013, bayan karnuka sun kashe wani yaro ɗan shekara huɗu a birnin, majalisar ƙasar ta yi dokar da ta halatta kashe karen da aka kama idan ya yi kwanakin aiki 14 ba wanda ya zo ya ɗauke shi. Tun daga nan ƙungiyoyi suke ta kwaso su zuwa ƙasashen yammacin Turai. Kafin kare ya ƙetare iyaka, doka ta ce sai an dasa masa wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata mai ɗauke da lambarsa, an yi masa rigakafin cutar haukan kare, an jira kwana 21, an ba shi fasfo mai shuɗin bango. Tamu ta cika duk wannan, ta kuma yi tafiyar fiye da kilomita 1,500 a cikin keji. Fasfonta ya fi namu ƙarfi, abin da muka daɗe muna yi wa dariya.

Ko kiranta ma ya zame mana aiki. A bakin Bahaushe, "karya" zagi ce kafin ta zama sunan dabba. Sunan da ke fasfonta kuwa ba ta san shi ba, an rubuta shi ne don cike takarda. Kalmar da muka fi faɗa mata a kwanakin farko ita ce "sannu": sannu idan mun buɗe ƙofa, sannu idan cokali ya faɗi ta zabura, sannu idan mun ajiye ruwa. Ba mu ankara ba ta zama sunanta.

Mun ware mata ƙaramin ɗakin da namijin cikinmu yake aiki a ciki. Muka ajiye kejin a lungu, muka lulluɓe shi da bargo, muka bar ƙofarsa a buɗe. Da dare ta fito ta shige ƙarƙashin tebur, ta manna fuskarta da bango. Haka ta wuni. Ba ta yi haushi ba, ba ta yi kuka ba. Sai da ta shafe fiye da awa talatin kafin ta yi fitsari, shi ma cikin tsakar dare, a kan takardun da muka shimfiɗa. Abinci kuwa sai mun kashe fitila mun kwanta muke jin ƙarar kwano a hankali, tana ci tana tsayawa tana saurare. Macen cikinmu ta kwanta tana jin wannan ƙarar, ba ta ce komai ba.

Masu riƙon karnuka suna da wani lissafi da suke yawan faɗa: kwana uku kare ya huce daga gigicewar tafiya, mako uku ya gane tsarin gida, wata uku ya ji cewa gidansa ne. Sun faɗe shi ne don mutum ya yi haƙuri. Mu kuwa sai muka ɗauke shi kamar wa'adin kammala aiki. Wanda ya yi digiri a kimiyyar kwamfuta, ya shekara goma yana neman kuskure a cikin manhaja, ya saba da cewa duk abin da ya ƙi aiki yana da dalili a wani layi, kuma idan ka gwada ka sake gwadawa za ka kama shi. Muka buɗe jadawali: rana, awa, yawan abin da ta ci, nisan da ta bari muka matso. Kwana goma lambobin ba su motsa ba. A rana ta goma sha biyu muka yanke shawarar cewa zaman ɗaki ne yake ƙara mata tsoro, idan ta ga duniya sau ɗaya za ta gane ba komai.

Muka tare ta a ƙarƙashin tebur muka sa mata ɗamarar da ƙungiyar ta ba mu, mai maɗauri uku, wadda aka yi don kada kare ya zame ya gudu. Ba ta motsa ba, muka ce ai ga shi ta yarda. Muka ɗauke ta muka ratsa tsakar gidan baya muka dire ta a bakin titi. Ta tsaya ƙyam kamar gunki, muka ce ta natsu. Sai wani yaro ya wuce a kan keke yana kaɗa ƙararrawa. Ta yi tsalle ta juya a iska, ta faɗi, ta tashi, tana fizgar igiya, kashi yana zubo mata. Namijin cikinmu ya sunkuya ya rungumo ta, ta kafa masa haƙori a hannu. Huda biyu ne, ba su yi zurfi ba. Likita ya wanke, ya yi allurar tetanus, ya naɗe. Da muka dawo gida mun tarar ta koma ƙarƙashin tebur, kuma daren nan ba mu ji ƙarar kwano ba. Washegari ma haka.

A daren ne muka yi muhawarar da ta fi kowacce nauyi. Karen da aka rubuta cewa ya taɓa cizo, samar masa gida yana da wuya. Idan kuma muka ce mun gaza, za a mayar da ita wurin ajiye karnuka, cikin haushin ɗaruruwa, inda matsoraci irinta yake iya shekaru ba wanda ya dube shi. Ba wanda ya ga abin da ya faru sai mu da yaron keke. Muna iya yin shiru. Amma shirun yana nufin wata rana wani zai sunkuya ya rungume ta bai san komai ba, wataƙila ma yaro. Da safe muka kira ƙungiyar muka faɗi yadda aka yi, har da cewa laifinmu ne.

Bandejin ne ya tona mana asiri a gida. Ranar Juma'a muna hira da Umma ta bidiyo, ta ce, "Kai, me ya same ka a hannu?" Aka yi 'yar kwana-kwana, sannan aka faɗa mata. Ta yi salati. "Kare? A cikin ɗaki? Inda kuke salla?" Muka ce ɗakinta daban, ba ta shiga inda muke salla, kwanonta ma daban. Muka kawo abin da muka sani: cewa a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta ba a ɗaukar jikin kare mai rai najasa, cewa akwai labarin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ita ma ta kawo nata: hadisin mala'iku da gidan da ke da kare, da cewa an yarda da ajiye shi ne don farauta da kiwo da gadin gona. Ba mu da amsar da ta rufe wannan, kuma ba mu yi kamar muna da ita ba. Sai surukarta ta matso kusa da wayar, ta ce a hankali, "Umma, riƙo ne aka ba mu. Ba ta da kowa. In ta warware za ta tafi gidanta." Umma ta yi shiru. Can ta ce, "To. Wanda aka ba amana ba ya yar da ita a hanya. Amma ku kula da tsarkinku." Daga ranar, duk ƙarshen waya sai ta ce, "Ya baƙuwar taku?"

Ƙungiyar ta turo mana wata mata mai horar da karnuka. Mun zaci za ta zo da dabaru. Ta shigo ta zauna a ƙasa a bakin ƙofar ɗakin, ta ba Sannu gefen jikinta, ba ta kalle ta ba ko sau ɗaya, ta yi awa guda tana magana da mu ƙasa-ƙasa. Ta ce kafin kare ya yi cizo yakan ce "a'a" ta hanyoyi da yawa: ya lashe leɓe ba abinci a gabansa, ya yi hamma ba barci yake ji ba, ya kau da kai, farin idonsa ya bayyana, ya cusa jela tsakanin ƙafafu, ya daskare, ya yi gurnani. Daskarewar da muka kira natsuwa ita ce ƙararrawa ta kusa da ƙarshe. Ta kuma gargaɗe mu kada mu taɓa tsawata mata don ta yi gurnani, domin karen da aka hana gurnani yakan tsallake shi ya tafi ga haƙori kai tsaye.

Ita ce ta ba mu labarin binciken da John Paul Scott da John Fuller suka shafe shekaru suna yi a Bar Harbor, a jihar Maine ta Amurka, wanda suka wallafa a littafi a 1965. Sun nuna cewa kwikwiyo yana da wani ɗan lokaci, daga wajen mako na uku zuwa na goma sha biyu, da yake karɓar duk abin da ya gani a matsayin abin duniya na yau da kullum. Kwikwiyon da ya wuce mako 14 bai yi hulɗa da mutum ba yakan tashi yana gudun mutane kamar naman daji. Ta ce wannan ƙofa ta rufe wa Sannu tun tuni, kuma ba mai sake buɗe ta. Abin da za a iya shi ne a koya mata abubuwa ɗaya bayan ɗaya: wannan mutumin ba ya cutarwa, wannan ƙarar ba komai ba ce. Wataƙila har ta mutu ba za ta zama mai tarar baƙi da murna ba. Amma tana iya samun mutum biyu ko uku da ta yarda da su, da wurin da take barci har da minshari, kuma wannan rayuwa ce mai kyau.

Bayan ta tafi ne namijin cikinmu ya gane cewa ya san wannan darasi tun a aji biyu na jami'a, bai dai taɓa zaton zai shafi mai rai ba. Idan manhaja ta aika saƙo ga wata kwamfuta ba a amsa ba, mai rubutun kirki ba ya sa ta yi ta aikawa ba tsayawa. Yakan sa ta jira daƙiƙa ɗaya, in ba a amsa ba ta jira biyu, sannan huɗu, sannan takwas. Kwamfutar da nauyi ya yi wa yawa, yawan ƙwanƙwasa mata ƙofa shi ne yake ƙarasa ta. Mu kuwa kwana goma sha biyu muka yi muna ƙwanƙwasawa. Muka share ginshiƙin "nisan da ta bari muka matso" daga jadawalin, muka sa wani a madadinsa: "nisan da ita ta matso."

Sabon tsarin ba shi da wuya, sai dai cin rai. Ba mai shiga ƙarƙashin tebur, nan nata ne. Ba mai miƙa mata hannu, ba mai zuba mata ido. Idan za mu wuce, mu jefa ɗan yankan dafaffiyar kaza mu yi gaba. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne inda aka ce mu riƙa jefawa: bayanta, nesa da mu. Mu da mun zaci da abinci ake jawo dabba kusa. Mai horarwar ta ce karen da yunwa ta jawo shi kusa da abin da yake tsoro, da ya haɗiye sai ya farga ya yi kusa fiye da ƙarfinsa, kuma a nan ake cizo. Idan kuwa naman ya faɗi a bayanta, ta samu abu biyu a lokaci guda, nama da tazara. Dawowar da za ta yi bayan nan, ita ta zaɓa.

Masu rubuta manhaja suna da wata al'ada: idan matsala ta cije, sai mutum ya ajiye agwagwar roba a kan tebur ya yi mata bayanin rubutunsa layi-layi, a cikin bayanin yakan ji inda ya yi kuskure. Namijin cikinmu ya sauko da kwamfutarsa ƙasa, ya jingina da bango a bakin ƙofa, ya mayar da Sannu agwagwarsa. Kullum awa shida ko bakwai yana yi mata bayanin rumbun bayanai da Hausa, murya ƙasa, bai kalle ta. A mako na huɗu ta juyo da fuskarta daga bango. A na biyar ta ci abinci da rana, yana zaune.

A wannan tsakanin ne muka gano abin da ya fi tsorata ta, ya kuma fi kunyata mu. Ta fara leƙowa zaure. Wata safiya macen cikinmu za ta tafi aiki, ta sunkuya za ta ɗaure igiyar takalmi. Sannu ta yi wani irin ƙara ta ruga har tana zamewa a kan katako. Muka kalli juna, don mun san wannan. Duk yaron da ya tashi a Kano ko Zariya ya san cewa idan kare ya tare maka hanya, ba sai ka sami dutse ba, ka sunkuya kawai kamar za ka ɗauka, zai arce. Ba mu taɓa tambayar kanmu yadda aka yi karnuka suka san wannan ba. Sun sani ne don an jefe su, kuma muna cikin masu jifan. Muna dawowa daga makarantar allo, in muka ga kare kwance a gindin bola, ba ya bin mu, ba ya ko kallonmu, sai mun gwada saitinmu a kansa. Tsoron da iyayenmu suka dasa mana yana da tushe: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne. Amma karen bola da ke barci ba shi ya ja mu ba. Ga shi a wata ƙasa da ba mu taɓa zuwa ba, wasu yara sun koya wa wannan abin da muka koya wa namu.

Mako biyar muka yi muna warware wannan ɗaya. Daga can ƙarshen zaure ɗayanmu zai ɗan rankwafa kaɗan, kaza ta faɗi, ya miƙe. Washegari ya ƙara rankwafawa. In ta lashe leɓe ko ta kau da kai, mun yi sauri ke nan, sai mu koma matakin jiya. A hankali sunkuyawar mutum ta tashi daga alamar dutse ta koma alamar nama. Ranar da muka ɗaure takalmi a gabanta ta tsaya tana kallon ƙasa tana jiran rabonta, mun yi murna kamar an yi mana ƙarin albashi.

A rana ta arba'in da ɗaya ta taɓa mu. Namijin cikinmu yana tsakiyar taro ta intanet, sai ya ji sanyin hanci a idon sawunsa. Bai motsa ba, bai sunkuyar da kai ba, ya ci gaba da magana a kan aikin mako da murya mai rawa har shugabansa ya tambaye shi ko lafiya. Bayan kwanaki muka fara shafa ta a ƙirji, ba a ka ba, daƙiƙa uku mu janye hannu. In ta matso, mu ƙara. In ta tsaya ko ta juya, shi ke nan na ranar.

Fita kuwa da tsakar gidan baya muka fara, bayan sallar asuba, kafin gari ya tashi. Igiya biyu, ɗaya a hannu, ɗaya ɗaure a ƙugu, da 'yar na'urar nuna wuri a ɗamararta. Wani dattijo maƙwabcinmu yana da tsohon kare mai sanyin hali, shi ya yi mana rabin aikin. Inda ya taka nan take takawa, abin da ya shinshina shi take shinshinawa. A bayansa ta fara fita titi. Zuwa tsakiyar Disamba, lokacin da rana take faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, mun kai ta gefen Tempelhof, tsohon filin jirgin saman da aka rufe a 2008 aka mayar da shi wurin shan iska. A wannan fili mai faɗi, inda take hango kowa tun daga nesa, muka fara ganin jelarta a sama.

Sai daren sabuwar shekara ya zo. A Jamus ana sayar da nokawut da rokar wasan wuta a kwanaki uku na ƙarshen Disamba, kuma unguwarmu ta Neukölln takan koma kamar fagen daga. Mun shirya: likitan dabbobi ya ba da maganin rage firgita, muka rufe labule, muka kunna rediyo, muka shimfiɗa bargo a banɗaki don shi kaɗai ne ba shi da taga. Muka zauna a ƙasa a ciki muka bar ƙofa a buɗe, ba mu kira ta ba. Da sha biyu ta buga, ginin ya hau girgiza. Muka ji ƙarar farce a kan katako. Ta shigo a guje, ta cusa kanta tsakaninmu, jikinta yana ɓari, numfashinta kamar na wanda ya yi tsere. Har ƙarfe uku muna nan, ƙafafunmu sun yi tsami, ba wanda ya motsa. Daren ya mayar da ita baya, ta yi kwana goma ba ta yarda ta fita da duhu ba. Amma a karo na farko, da tsoro ya kama ta, wurin mutane ta gudo.

A watan Janairu ƙungiyar ta ce mu rubuta bayaninta don masu nema. Muka rubuta komai, har da cizon da yadda aka yi ya faru. Mutum uku suka nema. Iyali masu ƙananan yara, aka ba su haƙuri. Wani saurayi da ke zaune da abokai huɗu a tsakiyar gari, shi ma haka. Ta ukun wata dattijuwa ce da ta yi ritaya, tana zaune a wani ƙauye a jihar Brandenburg, da lambu mai shinge da wani tsohon kare. Zuwanta na farko ta zauna a ƙasa ta ba Sannu gefen jikinta tun kafin mu ce mata komai. Sau huɗu ta zo. A na uku Sannu ta karɓi nama a hannunta.

Ba za mu ɓoye ba, mun so mu riƙe ta. Dare da yawa mun kwanta muna lissafi. Amma birni ya fi ƙarfinta: kowace fita jarrabawa ce, kowace shekara kuma akwai daren nokawut. Mukan je gida mu yi wata guda ko fiye. Ga shi muna sa ran ƙaruwa a gidan, kuma yaro mai rarrafe ba ya karanta lasar leɓe. Macen cikinmu ce ta rufe maganar. Ta ce goggonta ta riƙe ta shekara goma sha takwas, ba ta taɓa mantawa ba cewa raino take yi don wata rana ta miƙa, kuma hakan bai rage komai daga abin da ta yi mata ba.

Muka rubuta takardar miƙa aiki, irin wadda ake rubutawa idan za a bar wa wani manhaja: shafi shida. Abin da take tsoro, abin da ta daina tsoro, lokacin cin abincinta, cewa inabi da albasa da cakulan guba ne gare ta, cewa kada a rungume ta ko da ta firgita. A ƙarshe muka jera kalmomin da ta sani, duka na Hausa: zo, zauna, tsaya, sannu. Dattijuwar ta maimaita su a gabanmu har ta iya, ta ce sunan ma ba za ta canza ba.

Ranar wata Lahadi a watan Maris ta zo da motarta. Tsohon karenta ya shiga baya ya kwanta. Sannu ta tsaya a bakin ƙofar motar ta daɗe, ta shinshina, ta ja da baya, ta dawo. Ba wanda ya ja igiya. Da ƙafarta ta hau. Muka koma ciki muka wanke kwanonta, muka naɗe kejin, muka mayar da kwamfuta kan tebur. Mako guda namijin cikinmu yana kama kansa yana bayanin aiki da ƙarfi a ɗakin da ba kowa.

Bayan mako uku hoto ya shigo waya. Tana kwance a kan ciyawa cikin rana, ta gefe, ƙafafu a miƙe, ciki a waje, ido a rufe. Wata biyar a gidanmu ba mu taɓa ganin ta yi irin wannan kwanciya ba. Muka tura wa Umma. Can da yamma ta aiko da saƙon murya: "Na ga baƙuwar taku. Ta yi ƙiba. Allah ya ba ku lada."